Cinikin Biri a Sama: Sayen Tsohuwar Motar Alfarma a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta fita daga Kabuga, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo har ta dangana da Gwarzo, zai shaida cewa irin motocin da ake gani a ƙofar gidaje sun sake. A da, in malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ko ɗan kasuwar hatsi ya sami sukuni, Fijo yake nema, in ƙarfinsa bai kai nan ba ya tsaya a kan babur. Yanzu kuwa idon mutane da dama ya koma kan ƙananan motocin alfarma na Jamus, watau ƙaramar Marsandi da ake kira C-Class, da BMW mai lamba 3, da Audi A3 da A4, waɗanda kusan dukkansu sun gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su iso mana. Ban ga laifin mai sha'awarsu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake sayensu. Mutum zai ɗauki kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35, ko na amfanin gonarsa na damina biyu, ko bashin da ya ci daga ƙungiyar ma'aikata, ya shiga birni, ya kewaya mota sau biyu, ya daki taya da ƙafa, ya ji sanyin na'urar sanyaya iska a fuskarsa, sa'an nan ya ce ya saya. Alhali kuwa mutumin nan, in ragon layya zai saya, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora.

Ra'ayina a wannan 'yar maƙala shi ne, ingancin tsohuwar mota ba a tambarinta yake ba. Yana cikin abu biyu ne: irin zaman da ta yi a hannun waɗanda suka riga mu hawanta, da kuma irin wurin da za ta zauna bayan an saye ta. Na farkon dillalai sukan ɓoye shi. Na biyun kuwa mai saye ne da kansa yakan ƙi tunawa da shi.

Ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zama masu hawan gwanjo. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, kuma a wancan zamani ma'aikacin gwamnati yana iya karɓar bashin mota ya fito da sabuwa fil daga kanti. Ba shi da abin tambaya game da tarihinta, domin shi ne farkon tarihin. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai kasuwa ta juya ga tsofaffin motocin Turai da ake lodawa daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam a sauke a Kwatano. Wasu su shigo ta kudu, wasu su bi ta Gaya da Maraɗi su faɗo Jibiya. Daga nan Bahaushe ya sami sunayen da har yau yake amfani da su. Mota ta zama "Beljiyam" ko da daga Amurka ta fito, ta zama "'yar Kwatano" ko da a Legas aka sauke ta. Mu ɗaliban harshe ya dace mu lura da abin da ya faru ga ma'anar waɗannan kalmomi. Da farko sunayen wurare ne kurum, amma a bakin dillali sun koma yabo, kusan a ce daidai suke da "sabuwa". Ana cewa wance Beljiyam ce, ba 'yar hannu ba ce, sai mai saye ya saki jiki, kamar dai a Turai mota ba ta tsufa.

Tana tsufa kuwa. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A cikin rahoton an kawo binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi a tashoshinsu, inda suka tarar yawancin motocin da ake turowa Afirka ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, kuma shekarunsu sun kama daga 16 zuwa 20. A Jamus doka ta tilasta a kai mota gwaji bayan shekara uku da sayenta, daga nan kuma duk bayan shekara biyu. Idan mai mota ya ga gyaran da za a ce ya yi ya fi ƙarfin darajarta, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya sallamar wa mai fitarwa waje. Ta nan ne da yawa daga cikinsu suka biyo.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna George Akerlof ya rubuta maƙala a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, in mai sayarwa ya san aibin kayansa mai saye bai sani ba, to mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, saboda haka masu kaya na ƙwarai sai su janye, kasuwa ta cika da rubabbu. Magana ce mai ma'ana, amma wanda ya yi karatun zaure a Getso ko Garo ba zai ji ta baƙuwa ba. Babin ciniki na Risala ya hana algus da ɓoye aibi, ya kuma ba wanda ya ga aibi bayan ciniki damar mayarwa. A cikin hadisi an hana ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya a bar nono ya taru don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Malamai suna kiran wannan tasriya. To, ita ma mota ana yi mata tasriya, kuma wanda bai san yadda ake ɗaure hantsarta ba, shi ake sayar wa.

Ga yadda abin yake. Injin da ya gaji yakan tona asirin kansa ne da sassafe, lokacin da yake da sanyi, da ƙarar sarƙa ko ƙwanƙwasa ko hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙin farko. Don haka mai wayo yakan tayar da motar ta yi zafi kafin mai saye ya iso. Maganin wannan shi ne mutum ya yi sammako, ya ɗaga bonet ya ɗora hannunsa a kan injin kafin a murɗa makulli. In ya ji ɗumi, ya ce gobe zai dawo. Akan zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara ya rage hayaƙi. Hayaƙin nan kuwa kowane launi da labarinsa: mai shuɗi-shuɗi yana nuna injin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, watau gaskit ya ƙone, baƙi kuma mai ne ya yi yawa ba ya ƙonewa sosai. A buɗe murfin baƙin mai a duba cikinsa, in an ga wani abu kamar kindirmo ya manne, ruwa ya gauraya da mai. Sai kuma fitilun gargaɗi na gaban direba. Yawancin masu saye sukan yi murna in sun ga babu wadda ke ci, ba su san ana cire ƙwan ko a liƙe shi ba. Ƙa'ida ita ce, idan aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, dukkansu su kama, bayan inji ya tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, an rufe mata baki ne. Na fi tsoron wannan game da fitilar jakar iska, domin akan sami motar da jakarta ta riga ta fashe a wani haɗari, aka ɗinke wurin aka shafe, direba yana tafe da iyalinsa yana zaton akwai abin da zai tare shi.

Waɗannan motoci duk kwamfuta ce ke tafiyar da su, saboda haka sayensu ba tare da an jona musu na'urar bincike ba ganganci ne. Amma ita ma na'urar ana yi mata dabara, domin ana iya goge duk ƙorafin da motar ta ajiye minti biyar kafin a zo. Makanikin da ya san aikinsa zai duba ya ga ko ƙwaƙwalwar motar ta kammala gwaje-gwajen da takan yi wa kanta a kan tafiya. In ya tarar duk ba su kammalu ba, to ba a daɗe da share allon ba. Kuma wajibi ne makanikin ya zama na mai saye, wanda ya zo da shi ya biya shi ladan yininsa. Makanikin da dillali ya nuna maka, la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya.

Lambar tafiya da ke kan allo ita ce abin da na fi raina wa shaida. Mayar da ita baya ya zama ruwan dare har a Turai kanta, shi ya sa Beljiyam ta kafa tsarin da ake kira Car-Pass a 2006, wanda ke rubuta tafiyar mota duk sa'ad da ta shiga gareji. Abin da ba a iya mayarwa baya cikin sauƙi shi ne robar birki da ta suɗe, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa. Motar da allonta ya ce kilomita 90,000 amma kujerarta ta yi rami kamar tsohon turmi, a yarda da kujerar.

Motocin Amurka kuwa nasu ciwon dabam ne. Da yawa daga cikinsu daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayensu, irin su Copart, bayan sun yi haɗari ko ruwa ya ci su. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, kowacce ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa. Motar da ta kwana cikin ruwa tana iya yin wata shida lafiya lau, daga baya wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shaƙa, a duba ƙarfen da kujera ke gudu a kansa ko ya yi tsatsa, a leƙa ramin safaya ko akwai laka, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai zanen ruwa. Abin farin ciki, wannan ɓangare ya fi sauƙin bincike a yau. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma in ta Amurka ce, sau da yawa wanda ya rubuta lambar nan a intanet zai ga hotunanta na ranar gwanjo, da gabanta a rugurguje ko ruwa har sitiyari. Aikin minti goma ne a wayar hannu, kuma kowane ɗalibi a cikinmu zai iya yi wa kawunsa.

Har ila yau kowane iri yana da ciwon gado, kamar yadda kowane gida yake da nasa. Sunan da Marsandi ta yi a ƙasar nan, tsofaffin ne suka yi mata shi, irin su 190 da aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, mota mai sauƙin waya wadda makanikin kowane gari zai iya kwancewa ya ɗaura. Jikokinta suna cin albarkacin sunan ne, amma halinsu ba ɗaya ba ne. C-Class ta farkon shekarun 2000 an san ta da tsatsa da rigimar lantarki. Injin Marsandi mai silinda shida na wajejen 2004 zuwa 2008 yana da wani ɗan haƙori a cikinsa da ke saurin cinyewa, wanda gyaransa sai an sauke injin gaba ɗaya. BMW mai lamba 3 yawancin kayan sanyaya injinta roba ne, tankin ruwa da mahaɗan tiyo, waɗanda ke bushewa su tsage in sun tsufa, kuma injinta ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Wasu injinan Audi masu tabo na wajejen 2009 zuwa 2011 sun yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Dillali zai ce maka Jamus ce ta ƙera. Kai kuma ka tambaye shi wace shekara, wane inji.

Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, ya kai sunan garin Kabo filayen jirage na ƙasashe, kuma jiragen da kamfanin ya yi aiki da su akasari ba sababbi ba ne. A sana'ar jirgin sama ba wanda ke sayen tsohon jirgi don kyan fentinsa. Littafin tarihin gyaransa ake fara nema, wanda ya nuna ranar da aka canza kowane ƙarfe da wanda ya canza shi, jirgin da littafinsa ya ɓata kuwa darajarsa ta zube. Mu sai mu sayi mota ba mu tambayi ko rasiɗi ɗaya na juyen baƙin mai ba. Shi ya sa nake ganin, saɓanin abin da aka saba ji, 'yar hannun da ka san mai ita, ka san makanikinsa, ka san inda yake shan mai, takan fi Beljiyam ɗin da ba wanda ya san inda ta kwana.

Mu ɗauka an yi duk wannan, motar ta fito lafiya. Saura tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi ga mutumin Gwarzo da Kabo. An ƙera waɗannan motoci ne don shimfiɗaɗɗun hanyoyi da ƙasa mai sanyi. Cikinsu a ƙasa yake, tayoyinsu sirara ne. Kan kwalta ba su da na biyu, amma mai gida a Kutama ko Lakwaya ko Durun ko Masanawa ba kullum kwalta yake bi ba, akwai burji, akwai zaizayar damina, akwai dutsen da zai daki kaskon baƙin mai ya huda shi. A watan Afrilu zafinmu yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe matatar iska ta ɓata na'urar da ke auna iskar da inji ke shaƙa. Yawancin injinan nan an tsara su ne don fetur mai ƙarfin 95, ƙa'idar namu kuwa ta tsaya ƙasa da haka, balle a zo ga na 'yan bumburutu da ake sha in gidan mai ya yi nisa. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin jama'a. Wani abin mamaki, daga Antwerp ɗin nan aka yi lodinsa.

Sai babbar magana, watau makaniki. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kimanin kilomita 70 ne. Golf da Sharon da ke jigilar fasinja a hanyar ba don sun fi Marsandi ƙarfe suke daɗewa ba, sai don kowane gareji ya san cikinsu, kayansu kuma suna nan a kowane lungu. Motar alfarma kuwa in ta tsaya da dare, ga mara lafiya ana so a kai asibiti, babu abin yi sai a jira gari ya waye a nemo mai janwe zuwa birni, a shiga Ƙofar Ruwa neman kaya, wani lokaci a ce sai an aiko daga Ladipo ta Legas. In kuma aka ce a gwada na kusa, nan ne ake kashe ta da magani. Makanikin da ya saba da tsofaffin motoci, in ya ga inji na zafi, sai ya cire tamostat ya haɗa fanka kai-tsaye. In salansa ta toshe, ya fasa ya zubar da abin tace hayaƙin nan da suke kira indomi. In fitila ta dame shi, ya cire ƙwanta. A tsohuwar Fijo ana iya tsira da irin wannan. A motar da kwamfuta ke auna kome, kowace dabara tana haifar da sabuwar cuta, ta fara shan mai kamar rariya, ga shi tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 shan mai ya daina zama abin wasa. Ba ina zargin makanikan karkara ba ne, su ma ba wanda ya koya musu, ba su kuma da na'urar.

Na san akwai masu cewa ai maganar ta ƙare, a bar motar Jamus a sayi Toyota ko Honda a huta. Akwai gaskiya a ciki, amma ban bi su har ƙarshe ba. Ita ma Corolla da ruwa ya ci matacciya ce, kuma motocin Jamus suna da nasu alheri, jikinsu da nauyi, suna riƙe hanya, ba sa gajiyar da mutum a doguwar tafiya. Wanda aikinsa ke kai shi birni kowane mako, ya san makaniki ƙwararre a can, yana iya riƙe ɗaya shekaru cikin rufin asiri. Abin da nake so a lura da shi shi ne dalilin da ya sa tsohuwar Marsandi takan zo kusa da Corolla sa'arta a farashi, wani lokaci ma ta fi ta araha, alhali a sabuwarsu tazarar mai yawa ce. Kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke gaba. Kayanta da dala ake sayo su, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Saboda haka wanda duk abin da ya mallaka ya ƙare a ranar ciniki bai isa sayen motar ba tukuna. A nawa lissafin, in mutum ba zai iya ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a gefe ba, don juyen mai na inji da na giya, da kayan ƙafa, da tayoyi, da batir, gara ya sauko ya sayi wadda ta fi ƙanƙanta.

Game da takardu ba sai na tsawaita ba. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motoci da yawa sun biyo ɓarauniyar hanya da takardun jabu. A kai takardar kwastan ofishinsu a tantance kafin a biya, a kuma gwada lambar shasin da ke jikin takarda da wadda ke jikin mota, harafi bayan harafi.

Abu na ƙarshe da nake roƙon malamanmu na zaure da shugabannin dillalai su duba shi ne zaɓin sharaɗi. Fiƙihunmu na Malikiyya ya yarda mai saye ya gindaya wa'adin gwaji, Muhtasar ya ba da kimanin kwana uku ga dabba. Ban ga abin da zai hana a yi wa mota haka ba, a rubuce, gaban shaidu biyu, da kuɗin a hannun amintacce, mai saye kuma ya ɗauki nauyin abin da ya lalata da hannunsa. Cikin kwana ukun nan a fito da ita daga Kabuga da tsakar rana, da na'urar sanyi a kunne, a kai ta Gwarzo ana kallon allurar zafi, a saurari yadda giya ke shiga bayan ta yi rabin sa'a tana tafiya, domin giyabos mai ciwo sai ya yi zafi yake fizga. A sauka daga kwalta a bi burji da gilashi a buɗe don a ji ƙarar ƙafafu. Da dare a ajiye ta a kan daɓe mai tsabta, da safe a tura ta gefe a duba abin da ya ɗiga a wurin.